Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu sharhin ƙwallon kwando: a ina Houston ta zubar da kofin 1983?

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, wannan takarda taku ce, ku da kuke zama gaban makirufo kuna fashin baƙin wasanni, da ku da kuke yanko guntayen bidiyo kuna sakawa a Facebook da YouTube. Akwai wata ɗabi'a da ta zame muku jiki, a kanta nake son mu yi magana. Duk shekara idan gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka ta kankama, daga tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu, sai kun tono wasan ƙarshe na 1983. Ku nuna daƙiƙa biyar na ƙarshensa, ku maimaita a hankali, sannan ku ce wa jama'a ga inda Jami'ar Houston ta zubar da kofi. Da Houston ɗin ta sake faɗuwa a wasan ƙarshe na 2025, nan ma da tazarar maki biyu, ba ku sauya zani ba. Daƙiƙun ƙarshe kuka ɗauko, kuka rataya wa yaro guda. Ni a ganina jaki kuke bari kuna dukan taiki, kuma zan bi wasan na 1983 tare da ku don ku ga dalilina.

Mu fara da guntun da kuka fi ƙauna. Daren Litinin ne, 4 ga Afrilu 1983, a birnin Albuquerque na jihar New Mexico, cikin ɗakin wasan da ake kira The Pit. Houston na da maki 52, Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa, wadda aka fi sani da NC State, ita ma 52. Ƙwallo na hannun NC State, suna ta zagaya ta tsakaninsu don jifan ƙarshe ya zama nasu. Thurl Bailey ya wurga wa Dereck Whittenburg wata ƙwallo mai haɗari, Benny Anders na Houston ya kai hannu har ya taɓa ta, saura ƙiris ya ƙwace. Whittenburg ya tattaro ta da ƙyar, ya ga lokaci ya ƙure, ya cilla ta daga nesa, wajen mita tara daga kwando. Jifan bai kai ba. Lorenzo Charles na NC State da ke ƙarƙashin kwando ya daka tsalle, ya cafke ta a sama, ya danƙara ta ciki. Aka tashi 54 da 52. Kocin NC State Jim Valvano ya ruga cikin fili yana neman wanda zai runguma. A gefe kuma ga Hakeem Olajuwon, mutumin Legas, dogon Houston, ƙafafunsa biyu a ƙasa. Daga nan tambayarku ta shekara da shekaru take fitowa: me ya hana shi tashi?

Amsar ba ta da wuyar samu. A dokar wasan, idan jifa ya juyo yana gangarowa wajen kwando kuma akwai yiwuwar ya shiga, mai tsaro ba shi da izinin taɓa shi. In ya taɓa, alƙalin wasa zai rubuta wa abokan hamayya makin tamkar ƙwallon ta shiga. Wanda ke tsaye a fili, cikin ƙiftawar ido, ba shi da hoton da ake maimaitawa a hankali da zai nuna masa cewa wannan jifan gajere ne. Amma mu ajiye wannan ma. A ce ya tashi, a ce ya riga Charles cafke ta. Me Houston za ta samu? Kunnen doki, a shiga ƙarin lokaci na minti biyar da 'yan wasan da suka riga suka galabaita, ga tauraronsu Clyde Drexler ɗauke da laifi huɗu, saura ɗaya a kore shi. Iyakar abin da tsallen nan zai kawo musu ke nan. Nasarar da ake ta jimaminta ta suɓuce tun kafin Whittenburg ya ɗaga hannu. Sannan ku dubi wanda kuke tuhuma. Maki 20 ya ci cikin 52 na ƙungiyarsa, ya cafke ƙwallo 18 da suka dawo daga kwando, aka zaɓe shi gwarzon zagayen ƙarshe na gasar duk da cewa ƙungiyarsa ce ta sha kashi, kuma har zuwa gasar 2025 ba a sake bai wa ɗan ƙungiyar da ta faɗi wannan lambar ba. Ɗan shekara 20 ne a daren, yaron da ya tashi yana tsaron raga a ƙwallon ƙafa da buga ƙwallon hannu a Legas, bai san ƙwallon kwando ba sai da ya zama saurayi. In ba don shi ba, da wasan bai ma kai inda za a yi ta gardama a kan daƙiƙar ƙarshe ba.

Ba a gane inda wasa ya juya sai an san da me kowace ƙungiya ta shigo fili. Houston ta zo a matsayin ta ɗaya a ƙasar, ta ci wasa 31, ta faɗi 2, kuma 26 na baya-bayan nan a jere ta cinye su. Laƙabinsu Phi Slama Jama, sana'arsu gudu da danƙara ƙwallo. Ranar Asabar, kwana biyu kafin wasan ƙarshe, sun lallasa Louisville da ci 94 da 81 a wani wasa da aka yi ta shawagi a saman kwando, har mutane da yawa suka ce ai an riga an yi wasan ƙarshe, na Litinin cika al'ada ne kawai. Rauninsu ɗaya kowa ya san shi: jifan kyauta, wato jifan da ake ba wanda aka yi wa laifi daga kan layi ba tare da mai tsaro ba. A kakar, wajen shida cikin goma suke zurawa.

NC State kuwa wasa 10 ta faɗi a kakar, ta shida aka ajiye ta a shiyyarta, kuma sai da ta lashe gasar rukuninta na ACC, ta doke Karolina ta Arewa ta su Michael Jordan da Virginia ta su Ralph Sampson, kafin ta tabbatar da gurbi. Da ƙyar da jiɓin goshi ta tsallake yawancin zagayen: Pepperdine 69 da 67 bayan ƙarin lokaci sau biyu, Jami'ar Nevada ta Las Vegas 71 da 70, Virginia 63 da 62. Dabarar Valvano ba ɓoyayyiya ba ce. In ana binsa maki a mintunan ƙarshe, sai ya sa yaransa su yi wa abokin hamayya laifi da gangan, a tura shi layin jifan kyauta, a jira ya kuskure. Da ita ya tsira daga hannun Pepperdine. Duk wanda ya bi gasar ya san abin da zai yi in aka ba shi dama.

Dokokin lokacin sun taimaka masa, kuma wannan ne abin da kuke tsallakewa idan kuna yi wa matasan yau bayani. A gasar 1983 babu agogon jifa, ƙungiya na iya riƙe ƙwallo iya son ranta. Sai kakar 1985 zuwa 1986 aka kawo agogon daƙiƙa 45, wanda yau ya koma 30. Babu layin maki uku a gasar, sai kakar da ta biyo bayan wancan ya zama na kowa. Sannan da zarar laifukan ƙungiya sun kai bakwai a rabin lokaci, wanda aka yi wa laifi jifa ɗaya ake ba shi, sai in ya zura ne zai sami na biyu. In ya kuskure na farko, ƙwallo ta zama ta mai tsinta. Ka'idar jifa biyu kai tsaye daga laifi na goma daga baya ta zo. Ke nan laifin ganganci a wancan zamani ciniki ne mai riba muddin wanda kake yi wa hannunsa na rawa a kan layi.

Akwai masu cewa tun rabin farko wasan ya juya, kuma maganarsu ta fi taku nauyi. Valvano ya yi barkwanci kafin wasa cewa in ƙwallon farko ta faɗo hannunsu, mai yiwuwa ba za su yi jifa ba sai safiyar Talata. Bai yi hakan ba, amma ya hana wasan gudu. Yaransa suka ja baya suka cunkushe ƙarƙashin kwando, Bailey ya yi ta zura ƙwallo, Drexler ya tara laifi uku da wuri. Kocin Houston Guy Lewis bai zaunar da shi ba. Saura ƙasa da minti uku a tafi hutu, Drexler ya yi karo da Terry Gannon na NC State, alƙali ya busa masa na huɗu, hukuncin da Drexler bai taɓa yarda da shi ba. Aka tafi hutu NC State na gaba da 33 da 25, kuma Drexler, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan taurarin NBA, maki 4 kacal ya tashi da su a daren. Barin ɗan wasa mai laifi uku a fili kafin hutu kasada ce, kuma ba ta biya ba. Sai dai ba zan kira ta mahadar wasan ba, saboda dalili guda: Houston ta warke daga wannan rauni sarai. Abin da ƙungiya ta farfaɗo daga gare shi har ta wuce gaba ba shi ne ya kashe ta ba.

Ku dubi yadda suka dawo daga hutu. A cikin wajen minti goma, Houston ta ci 17, NC State ta ci 2. Daga 33 da 25 aka koma 42 da 35, Houston na gaba. Olajuwon ya mamaye ƙarƙashin kwando ta kowane gefe. Jifan NC State ya daina shiga, ƙafafunsu sun yi nauyi, maki biyu cikin minti goma a wasan ƙarshe na ƙasa alama ce ta ƙungiyar da numfashinta ke ƙarewa. A daidai wannan gaɓa Lewis ya ba da umarnin a rage gudu. 'Yan Houston suka baje a fili, suna miƙa wa juna ƙwallo nesa da kwando, suna cin lokaci. Nan nake ɗora yatsana. Minti goma na ƙarshe Houston maki 10 ta ƙara, NC State ta ƙara 19.

Alƙaluman kaɗai ba hujja ba ne, don abu ya biyo bayan abu ba ya nufin shi ya haife shi. Ga yadda nake ganin ɗaya ya jawo ɗaya. Idan ƙungiya mai ƙarfi ta haɗu da wadda ba ta kai ta ba, yawan kai hari abokin mai ƙarfi ne. In kowane ɓangare ya kai hari sau da yawa, bambancin ƙwarewa dole ya bayyana. In aka taƙaita hare-haren suka zama 'yan kaɗan, jifa biyu ko uku na sa'a sun isa su kifar da lissafi. Tun kafin a fara wasa burin Valvano ke nan, a rage yawan hare-hare, a kai mintunan ƙarshe da tazara ƙarama. Rabin farko ya samu da dabararsa. Rabi na biyu ya rasa, Houston ta ƙwace ragama, sai ga shi abokin hamayya ya miƙo masa abin da yake nema da hannunsa. Masu tsaron NC State suka sami sararin shan iska. Sidney Lowe da Whittenburg da Gannon suka fara samun jifansu na nesa, ɗaya bayan ɗaya. Mafi muni, wasan ya tashi daga inda Houston ta fi kowa a Amurka, wato gudu da tsalle, ya koma layin jifan kyauta, inda ba ta kai ko matsakaiciyar ƙungiya ba. Wanda ya zaɓi riƙe ƙwallo da tazarar maki bakwai a gaban Valvano ya amince ke nan cewa a kan layi za a yanke hukunci. Jifan kyauta 19 Houston ta samu a daren, 10 ta zura.

Adalci ya wajaba in kawo hujjar Lewis, don yana da ita, kuma ba ƙarama ba ce. Albuquerque tana kan tudu, sama da mita 1,500 daga doron teku, iskarta ba ta ƙosar da huhun wanda ya saba da Houston da ke kusa da gaɓar ruwa. Olajuwon ya gaji matuƙa, har sai da aka fitar da shi aka sa masa iskar numfashi a benci. Wasan Louisville na ranar Asabar ya ci ƙarfinsu. Drexler na tafiya a kan laifi huɗu. Kocin da ya dubi bencinsa ya ga haka, ba hauka ba ne in ya ce a ja numfashi. Ban da haka, manufar bajewar ita ce a janyo 'yan NC State su fito daga ƙarƙashin kwando, a sami hanyar kutsawa a zura mai sauƙi. Mai kare Lewis zai ƙara da cewa ai dabarar ta riƙe: saura minti uku da 'yan kai, Houston na gaba da 52 da 46. Minti bakwai aka cinye, maki ɗaya kawai tazarar ta ragu. Me kuma ake nema wajen koci?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan ra'ayina, kuma ga amsata. Tazarar maki shida da saura minti uku, a zamanin jifa ɗaya sai ka zura ka sami na biyu, ga ƙungiya mai zura shida cikin goma, ba tudun mun tsira ba ne. Jifa uku ne na abokin hamayya da kuskure biyu naka. Abin da ake buƙata a gaban NC State ta wannan shekarar shi ne tazarar da laifin ganganci ba zai iya cike ta ba, maki goma sha biyu ko sha biyar, kuma lokaci ɗaya tilo da Houston ke kan hanyar samun irin wannan tazara shi ne lokacin da take 42 da 35, abokin karawa na tangaɗi. Hutar da Olajuwon daban, sauya salon ƙungiya gaba ɗaya daban. Benci na da masu ƙafa, Anders kansa daga benci ya taso ya ci maki 10. Ana iya zaunar da dogon na minti biyu a bar sauran su ci gaba da abin da suka iya. Lewis ya zaɓi ya kare bakwai ɗin da ke hannu maimakon ya nemi ƙari, kuma daga wannan lokaci duk abin da ya faru a fili bisa tsarin Valvano ya faru. Shi ya sa nake kiran wurin mahada: shi ne wuri na ƙarshe da zaɓi ke hannun Houston. Bayansa, amsa kawai take bayarwa.

Sauran labarin kun san shi, ko da yake ba kwa nuna shi. Lowe ya zura daga nesa, 52 da 48. Aka yi wa Michael Young na Houston laifi, ya kuskure jifan farko. Whittenburg ya zura biyu a jere daga nesa, 52 da 52, saura wajen minti biyu. Houston ta riƙe ƙwallo tana neman jifan ƙarshe, Valvano ya ƙi jira. Ya sa aka yi wa Alvin Franklin laifi, ɗan shekarar farko a jami'a, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Ku lura, wasa na kunnen doki ne, amma koci ya miƙa wa abokin hamayya damar wucewa gaba da gangan, don ya tabbata a ransa ba za a yi amfani da ita ba. Franklin ya kuskure. NC State ta tsinci ƙwallo, ta nemi a tsayar da wasa saura daƙiƙa 44, daga nan sai guntun bidiyonku. Waɗanda suka ɗan fi ku zurfafa bincike sukan tsaya a kan Franklin su ce ga mai laifi. Su ma ban bi su ba. Yaro sabon shiga, a gaban dubban mutane da idon ƙasa baki ɗaya, an ɗora masa kofi a kan jifa guda. Tambayar da ta dace ita ce yaya aka yi ƙungiya mai Olajuwon da Drexler ta wayi gari makomarta na hannun ɗan shekarar farko a kan layi.

Kada ku ɗauki maganata ku mayar da ita sabuwar sanda, ku sauke ta daga kan Olajuwon ku ɗora a kan Lewis. An yi masa hakan shekaru da yawa, kuma an zalunce shi. Mutumin ya horar da Houston daga 1956 zuwa 1986, ya ci wasa 592, ya kai zagayen 'yan huɗun ƙarshe sau biyar. A 1964 ya ɗauko Elvin Hayes da Don Chaney, lokacin da yawancin jami'o'in kudancin Amurka ba sa saka baƙar fata a ƙungiyoyinsu. Shekara guda bayan daren Albuquerque, babu Drexler, ya sake kai Houston wasan ƙarshe, Georgetown ta su Patrick Ewing ta doke su 84 da 75. Duk da haka sai 2013 aka shigar da shi zauren karrama gwarazan wasan na Naismith, yana da shekara 91, saura shekara biyu ya rasu. Shawara ɗaya ce ta minti goma nake suka, wadda aka yanke cikin hayaniya, da dalilai masu kama hankali, ta kuma zo ba daidai ba. Mai sharhin kirki yana iya faɗin haka ba tare da ya shafe shekara talatin na aikin mutum ba.

Abin da ya sa na damu har na ɗauki alƙalami shi ne waɗanda kuke nunawa ɗalibai ne, 'yan shekara 18 zuwa 23. Chris Webber na Michigan ya nemi a tsayar da wasa a 1993 alhali damarsu ta ƙare, saura daƙiƙa 11, kuma har yau da wannan ake fara tuna shi, an manta cewa a lokacin ma bin su ake yi 73 da 71. A zamaninsa jarida da talabijin ne kawai. Yau guntun da kuka yanko kafin gari ya waye ya shiga wayar miliyoyin mutane, cikinsu har da 'yan caca da suka yi asarar kuɗi, suna bin yaro har shafinsa da zagi da barazana. Abin ya kai shugaban NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, Charlie Baker, a 2024 ya roƙi jihohi su haramta cacar da ake yi a kan abin da ɗalibi guda zai yi a fili. Ba ku ne kuke zagin ba, na sani. Amma ku kuke nuna wa masu zagin ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Ku dubi abin da kuka yi wa Emanuel Sharp na Houston. Ranar 7 ga Afrilu 2025 a San Antonio, Florida na gaba da 65 da 63, Sharp ya tashi zai yi jifan maki uku, Walter Clayton Jr. na Florida ya taso masa, ya ga za a kaɗe, ya saki ƙwallo ƙasa. Doka ta hana shi ya zama farkon wanda zai sake taɓa ta, sai ya tsaya yana kare ta da jiki, Alex Condon na Florida ya faɗa kanta, lokaci ya cika. Hoton na da ban takaici, ban musa ba, kuma sau huɗu Houston ta zubar da ƙwallo a minti biyun ƙarshe. To amma a farkon rabi na biyu Houston ta koci Kelvin Sampson na gaba da 42 da 30, kuma Clayton, tauraron Florida, bai ci ko maki ɗaya ba a rabin farko. Kafin a kai saura minti bakwai da rabi an koma 48 da 48. Maki 6 Houston ta ci a tsakanin, Florida ta ci 18. Jifan Houston ya ƙafe, laifuka suka taru a kan dogayenta, Florida ta yi ta zuwa layi, Clayton ya farka. A wannan tsakanin wasan ya sauya hannu, kuma ban ga guntun bidiyonsa yana yawo ba, don ba shi da fuskar mutum ɗaya da za a sa wa jan da'ira.

Roƙona gare ku ba mai tsada ba ne. In za ku ce ga inda aka faɗi, ku fara tambayar kanku abu biyu: da wannan abin bai faru ba, nasara za a samu ko dai jinkirta faɗuwa? Kuma a lokacin, zaɓi na hannun wanda ya faɗi, ko an riga an tura shi lungu? Ku ɗauko takardar da ke lissafa wasa hari bayan hari, tana nan a intanet ga duk babban wasa, ku nemi inda maki suka daina zuwa, sannan ku koma bidiyo ku ga me ya sauya a wurin: wa aka fitar, wa aka shigar, wane salon tsaro aka koma. Aikin ya fi yanko daƙiƙa biyar wahala, amma don shi ake sauraronku.

Ga wanda za ku gwada hannu a kai. Kwana biyu kafin wasan Florida, Houston ce ta ci gajiyar irin wannan rushewa. Duke na gaba da maki 14 saura wajen minti takwas, tana gaba da shida saura ƙasa da minti ɗaya, Houston ta ci tara na ƙarshe a jere, aka tashi 70 da 67. Kun nuna laifin da aka busa wa Cooper Flagg na Duke, kun nuna jifansa na ƙarshe da bai shiga ba, shi da ya ci maki 27 a daren. Abin da ban ji kun tsaya a kansa ba shi ne Duke, in aka cire jifan kyauta, sau ɗaya tak ta zura ƙwallo a kwando cikin minti goma na ƙarshe. Me ya same su a wurin, kuma a wane hari ya fara? Wannan nake jira in ji kun yi fashin baƙinsa.

Wassalam.

Naku,
wani mai bibiyar ƙwallon kwando.